Inda Faɗuwar Gaba Take Farawa: Fashin Baƙi Kan Ginin Ƙwaƙwalwa da Kalmasarta

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu aikin kan rago washegarin Babbar Sallah ya riga ya ɗauki darasin farko na wannan fanni, ko da bai sani ba. An babbake kai, an kankare, an sa gatari an tsaga ƙoƙon, sai ga ƙwaƙwalwa kwance a ciki: fara-fara da ɗan ja-ja, ba ta cika tafin hannu ba, lulluɓe da wani siririn tantani da jijiyoyin jini suka yi wa zane. In mai ciro ta ya yi garaje, a yatsunsa za ta dagargaje. A ƙasashe da yawa da ƙwaƙwalwar tunkiya ɗalibai ke fara koyon wannan ilimi, saboda fasalin gidan ɗaya ne da namu, girman ɗakunan ne ya bambanta.

Ta baligin mutum takan kai nauyin kilo 1.3 zuwa 1.4, wato wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke sha yana hutawa. Wadda ake nuna wa ɗalibai a ɗakin nazarin gawa ta daɗe cikin maganin fomalin har ta yi ƙarfi. Mai rai kuwa laushinta kamar awarar da ba a soya ba. Wannan laushi shi ne dalilin duk kariyar da aka zagaye ta da ita.

Bayan ƙoƙon kai akwai tantani uku. Na waje mai kauri ne kamar kirgi, yana manne da ƙashi. Na tsakiya ya yi kama da saƙar gizo-gizo. Na ciki ya liƙe wa ƙwaƙwalwar, yana bin ta duk inda ta lanƙwasa. Tsakanin na biyu da na uku akwai ruwa garai-garai, kimanin mililita 150, bai cika kofin shayi ba, kuma a cikinsa take iyo. A wasu kogunan ɗakuna huɗu da ke cikin ƙwaƙwalwa ake sarrafa shi, wajen rabin lita kowace rana, sabo na zuwa tsoho na tafiya. Idan magudanar ta toshe wa jariri, wanda ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, sai kan ya riƙa girma, maɗiga ta kumbura. Sanƙarau da muka sani da zafin bazara, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya a annobar 1996, kumburin waɗannan tantanin ne. Sun gangara tare da laka har cikin ƙashin baya, shi ya sa sunkuyar da kai ke jan su ya sa ciwo, wuya ya sandare. Shi ya sa kuma likita ke ɗibar ruwan gwaji daga ƙugu, ƙasa da inda laka ta ƙare: ruwan ƙugun da na kan ɗaya ne.

In aka fito da ita gaba ɗaya, kashi uku ido zai fara gani. Akwai gindin ƙwaƙwalwa, wanda bai fi babban yatsa kauri da yawa ba, ya sauka ta wata kafa a ƙasan ƙoƙon kai ya zama laka. Numfashi, bugun zuciya, haɗiya, tari da farkawa daga barci duk a hannunsa suke, kuma daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa bibbiyu, 10 daga jikinsa suke tsirowa. A nan ne kuma manyan hanyoyin motsi ke gittawa, na dama su koma hagu, na hagu su koma dama.

A bayansa, daidai ƙeya, ga ƙaramar ƙwaƙwalwa, sarabalam. Nauyinta wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai, amma ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel ta Birazil da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ta nuna cewa cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da muke da su, wajen biliyan 69 a nan suke cunkushe. Aikinta daidaita motsi: kai loma baki ba tare da an shafa wa kunci ba, tafiya da tulu a ka. Tangaɗin mashayi, ita ce giya ta taɓa.

Sauran duka babbar ƙwaƙwalwa ce, sarabiram, mai ɓari biyu, dama da hagu, da wata farar gada mai zaren jijiya wajen miliyan 200 ta haɗa su. Fuskarta kamar gonar da aka yi wa huɗa, ga kunyoyi ga kwari. Ɓawon da ya rufe ta toka-toka ne, kaurinsa milimita 2 zuwa 4, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasa a cikin kwarin yake ɓoye. Hikimar huɗar ke nan, a cusa fili mai faɗi cikin ƙaramin ƙoƙo. Ƙarƙashin ɓawon fari ne fat, zallar wayoyin da ke kai saƙo.

Manyan kwari sun raba kowane ɓari zuwa yankuna: na goshi, na tsakar kai, na gefen kunne, da na ƙeya. Gani a ƙeya ake yin sa, nesa da ido, shi ya sa wanda ya faɗi ta baya yake ganin wuta-wuta. Ji da fahimtar magana suna gefen kunne. Taɓawa da sanin inda gaɓoɓi suke suna tsakar kai. Motsi yana kan wata kunya guda a ƙarshen yankin goshi, kuma jiki a kife yake a kanta, ƙafa a sama, fuska a ƙasa, hannu da leɓɓa sun kwashe filin da ya fi na gadon baya gaba ɗaya.

A 1861, a Faris, likita Paul Broca ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya yi shekara 21 a asibiti, wanda kusan ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake ce masa. Ya tarar da rauni a ƙasan yankin goshi na hagu. Wannan bincike ya fassara abin da da yawanmu muka gani a gida. Jini yana hawa ka ta manyan jijiyoyi huɗu, biyu ta gaban wuya, biyu ta baya, su haɗu su yi zobe a ƙasan ƙwaƙwalwa, zoben da Thomas Willis na Ingila ya bayyana a 1664. In reshen da ke shayar da gefen hagu ya toshe ko ya fashe, sau da yawa sanadin hawan jini, sai ɓarin dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke tare da shi, domin a yawancin mutane harshe a hagu yake, maƙwabcin hannu da fuska. Ina roƙon masu jinyar irin wannan dattijo su daina zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Sau da yawa yana jin komai, kalmar ce ta ƙi fitowa.

Duk wannan daga waje ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana ciki, kuma ba a ganinsa sai an sa wuƙa an raba ɓarin biyu ta tsakiya.

A fuskar da aka yanka, farar gadar nan ce za ta fara ɗaukar ido, a lanƙwashe. A tsakiya, ƙarƙashinta, ga wani dunƙule kamar ƙaramin ƙwai, ɗaya a kowane ɓari. Sunansa talamas, kuma shi ne zauren gidan: gani, ji, taɓawa da ɗanɗano duk sai sun yi sallama a nan kafin a shigar da su ɓawo. Daga nan sai ka bi wata kunya da ta yi wa gadar ɗamara ta sama. Ana ce mata singulet, ma'anar kalmar a Latin ɗamara ce. Ta nufi baya, ta karya kwana ta yi ƙasa, ta dawo gaba ta cikin yankin gefen kunne, ta ƙare da ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya, wanda ake kira ankas. Zobe ke nan a bakin ɓawo, inda ɓawon ya ƙare ya naɗe ciki. Broca ne dai ya raɗa masa suna a 1878, daga kalmar Latin "limbus", wato bakin tufa, abin da tela zai ce kalmasa. A 1952 Ba'amurke Paul MacLean ya haɗa zoben da wasu dunƙulallun sassa da ke ƙarƙashinsa ya kira su tsarin limbik.

Na farko cikinsu hifokamfas ne. Yana kwance a cikin yankin gefen kunne, tsawonsa kamar ƙaramin yatsa, a naɗe kamar tabarma. Wani masani ɗan Italiya, Aranzi, ya ga ya yi kama da dokin teku, wani ɗan kifi mai murɗaɗɗiyar jela, ya ba shi wannan suna a ƙarni na 16. Waɗansu bayansa suka ce ai ƙahon rago ne, kuma wannan sunan ma yana nan cikin littattafai. Daga wutsiyarsa wata farar igiya ta tashi ta yi baka irin na rufin soro, ita ce foniks, ta sauko kan wasu ƙwayoyi biyu masu girman wake a ƙasan ƙwaƙwalwa. Daga nan hanya ta hau gaban talamas, ta shiga ɗamarar singulet, ta zagayo ta koma hifokamfas. James Papez na Jami'ar Cornell ne ya zana wannan da'ira a 1937, yana ganin ita ce hanyar da motsin rai ke bi. Ya yi daidai a kan hanyar. Kayan da take ɗauka ne suka zo da mamaki.

A 1953, a garin Hartford na Amurka, wani saurayi ɗan shekara 27 mai suna Henry Molaison ya kwanta gaban likitan tiyata William Scoville. Farfaɗiya ta hana shi aiki, magani ya gaza. Scoville ya huda ƙoƙon kansa ta goshi wuri biyu, ya zuƙe cikin yankin gefen kunne dama da hagu, ya tafi da babban sashe na hifokamfas da abin da ke kewaye da shi. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Hankalinsa na nan, maganarsa na nan, ladabinsa na nan, yana tuna ƙuruciyarsa. Amma daga ranar, sabon abu ya daina zama a kansa. In ka ba shi lamba zai riƙe ta muddin yana nanatawa. Ka ɗauke hankalinsa na ɗan lokaci, lambar ta tafi, kai ma ka tafi. Brenda Milner, wadda ke zuwa daga Montreal ta Kanada don nazarinsa, duk zuwan da ta yi sai ta sake gabatar da kanta. Ya ci abinci ya manta ya ci.

Sai Milner ta ba shi wani aiki: ya bi zanen tauraro da fensir, yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Aiki ne mai rikita kowa da farko. Cikin kwana uku hannunsa ya ƙware, amma kullum cewa yake bai taɓa yin sa ba. Hannu ya koya, mutumin bai san ya koya ba. Daga nan aka gane tunawa iri-iri ce. Ta abin da ya faru da abin da aka faɗa maka sai ta bi ta hifokamfas. Ta ƙwarewa, irin tuƙa keke ko saƙar hula, ta wasu sassan take bi, har da ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ya rayu haka shekara 55, ya rasu a 2008, aka yanka ƙwaƙwalwarsa falle 2,401 don nazari. Saboda abin da ya same shi, likitoci ba sa cire wannan sashe ta ɓari biyu.

Labarinsa ba na nesa ba ne. Cutar Alzheimer daga hifokamfas da ɓawon da ke bakinsa take soma ɓarna. Shi ya sa gyatuma za ta lissafo maka waɗanda suka raka ta ɗakin miji shekara sittin da suka wuce, amma ta tambaye ka sau uku ko ta yi azahar. Tsohon ajiya ya riga ya bazu cikin ɓawo. Ƙofar shigar da sabo ce ta lalace. Mukan ce gigin tsufa ne, wani lokacin har a yi mata faɗa wai tana sane. Ba ta sane. Haka nan rashin sinadarin tayamin, wato bitamin B1, wanda ya fi kama masu yawan shan giya, yakan ƙone ƙwayoyin nan biyu masu girman wake, mutum ya shiga irin wannan mantuwa. Hifokamfas kuma shi ke riƙe taswirar wuri. John O'Keefe ya gano hakan a jikin ɓeraye a 1971, abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2014, sannan wani bincike na 2000 ya nuna ɓangaren baya na hifokamfas ɗin direbobin tasi na Landan, waɗanda ke haddace lungunan birnin, ya fi na sauran mutane girma.

Dab da kan hifokamfas, ƙarƙashin ƙugiyar nan, akwai amigdala, sunan da Girkawa ke kiran ƙwayar almon, girmanta kamar ƙwallon dabino. Ita ce maigadin da ba ya jiran a gama bayani. Kana tsaye a tasha taya ta fashe a bayanka, ka duƙa kafin ka san me ya yi ƙara. A ƙarshen shekarun 1930 Heinrich Klüver da Paul Bucy sun cire wa birai yankin gefen kunne duka biyu, sai birai masu cizo suka zama lafiyayyu, suna kai hannu ga abin da da suke gudu. Akwai kuma wata mata a Amurka da masu bincike ke kira S.M., wadda wata cutar gado ta lalata mata amigdala duka biyu. An kai ta shagon sayar da dabbobi, ta ɗauki maciji tana shafawa.

Amigdala ba ta da hannu. Wanda take aika shi ne haifotalamas, ɗan mitsitsin nama mai nauyin giram 4 a ƙarƙashin talamas, mai kula da ƙishirwa, yunwa, zafin jiki, barci da sha'awa, wanda kuma ke juya ƙullin fituwitari, shugaban sinadaran jiki. Da saƙo ya iso, sai ya tayar da jijiyoyin ko-ta-kwana, wasu ƙulli biyu da ke kan ƙoda su zubo adirenalin cikin jini. Zuciya ta hau dukan uku-uku, jini ya janye daga hanji ya koma cinyoyi da damatsa, miyau ya ƙafe, ƙananan tsokoki a gindin gashi su tsuke.

Yanzu dubi yadda Bahaushe ya faɗi abin: gabana ya faɗi, hantar cikina ta kaɗa, tsikar jikina ta tashi, bakina ya bushe, cikina ya ɗuri ruwa. Farin ciki da baƙin ciki ma a ciki muka ajiye su. Kakanninmu sun lura da kyau, domin a nan ɗin ake jin abin. Umarnin ne ke fitowa daga sama. Kuma saƙon yana komawa: wani yanki da ke ɓoye cikin babban kwarin gefen kai, insula, yana sauraren ƙirji da hanji, ya mayar wa sauran ƙwaƙwalwa rahoto. Da yake amigdala da hifokamfas katanga ɗaya ta raba su, abin da ya zo da firgita yakan kafu fiye da sauran. Wanda ya tsira daga hari ko hatsari, ƙarar babur kawai na iya mayar da shi wurin bayan shekaru, zufa na keto masa. Wannan ba ragwanta ba ce, kuma akwai masu ilimin yi masa magani.

Baƙo ɗaya ne ba ya tsayawa a zaure: ƙamshi. Daga hanci yake zarcewa kai tsaye zuwa wajen ƙugiyar nan da amigdala. Shi ya sa turaren wuta irin na ɗakin mahaifiyarka, ko ƙamshin ƙasa a ruwan farko, ke dawo maka da wuri da mutane a lokaci guda, kafin ka yi tunani. In ka juya ƙwaƙwalwar ragon nan ta ƙasa, za ka ga ƙulli biyu na shaƙar ƙamshi manya-manya a gaba. Namu sirara ne.

Akwai wata magana da ta yaɗu, wadda ba na so mu ɗauka. Ana cewa ƙwaƙwalwa uku gare mu, ta ƙadangare a ƙasa, ta dabba a tsakiya wato limbik, ta hankali a sama, wai suna kokawa. MacLean ne ya kawo wannan ra'ayi, kuma nazarin ƙwaƙwalwar tsuntsaye da ƙadangaru ya rushe shi, domin su ma suna da takwarorin waɗannan sassa. Har yau masana ba su daidaita kan iyakar tsarin limbik ba, wasu irin su Joseph LeDoux ma suna ganin sunan ya fi ruɗarwa. Ko batun "amigdala ita ce gidan tsoro" bai tsaya ba: a wani gwaji da aka wallafa a 2013, an sa S.M. ta shaƙi iska mai yawan kabon dayoksaid, sai ga ta a firgice tana neman ɗauki. Ni a ganina sunan yana da amfani a matsayin sunan unguwa, ba na hukuma mai cin gashin kanta ba. Wayoyi sun ɗinke unguwar da ƙasan yankin goshi, inda ake auna abu kafin a aikata. Phineas Gage, shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a jihar Vermont, ƙarfe ya ratsa masa wannan wuri a 1848. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma likitansa ya rubuta cewa haƙurinsa da iya shirya al'amuransa sun sauya. Wannan yanki ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin, abin da ya kamata iyayen samari su sani.

Farfaɗiya ma ba kullum take kayar da mutum ba. A manya, inda ta fi tasowa in daga wuri guda ta faro shi ne cikin yankin gefen kunne, daidai wannan unguwa. Alamunta kuwa aikin sassan ne ke fitowa ba a kira su ba: tsoro ba dalili, wari ko ƙauri da ba wanda ke ji sai shi, wani abu na tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, jin kamar an taɓa yin wannan lokacin. Sai mutum ya ƙura ido, yana tanɗe baki, yana mutsutsuka rigarsa na minti ɗaya ko biyu, ya dawo bai san abin da ya faru ba. A gidajenmu da yawa iska za a fara ambata. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Amma a haɗa da asibiti, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai, kuma ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa.

Ƙugiyar nan, ankas, tana da wani labari na ƙarshe. Ƙashin da ke tsakanin ido da kunne siriri ne, kuma wata jijiyar jini na bi ta bayansa. Ɗan acaɓa ya faɗi ba hular kwano, ya bugi wurin, ya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo ya kakkaɓe riga ya ce lafiya lau. A ciki jijiyar ta tsage, jini na taruwa tsakanin ƙashi da tantanin waje. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka jinin sai ya tura ƙwaƙwalwa gefe, ƙugiyar ta zame ƙasa ta danne ta uku cikin jijiyoyin nan 12, wadda ke tsuke baƙin ido, sannan ta matse gindin ƙwaƙwalwa inda numfashi yake. Cikin 'yan sa'o'i sai ciwon kai, amai, barci mai nauyi. Abin da likita ke nema ke nan in ya ɗaga fatar ido ya haska tocila: in baƙin ido ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa, yawanci a wannan ɓarin jinin yake, kuma in aka huda ƙashin aka kwashe shi da wuri, mutum kan tashi ya koma gida da ƙafarsa.